Yadda ake tsaftace wurin kasuwanci da burbushin nukiliya ya gurɓata: Darasi daga birnin New York

A kan titin Irving da ke unguwar Ridgewood, a iyakar gundumomin Queens da Brooklyn na birnin New York a Amurka, akwai wani fili da bai kai rabin filin ƙwallon ƙafa ba. Shekaru da dama a cikinsa akwai garejin kanikawa da masu gyaran jikin mota, da kantin sayar da abinci, da sito, da ofisoshi, da wasu ɗakunan haya. A wancan lokacin, duk wanda ya bi ta wurin ba zai ga wani abin da ya bambanta shi da sauran layukan 'yan kasuwa ba. Sai dai a ƙarƙashin daɓen shagunan, da gefen titin da masu tafiya a ƙafa ke bi, da cikin magudanar ruwan unguwar, akwai ragowar wani sinadari mai fitar da tururin nukiliya da ake kira toriyam.

A shekarar 2017 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, wato EPA, ta yanke shawarar cewa a tashi duk masu sana'a a wurin, a rushe gine-ginen, a haƙe ƙasar a kwashe ta, aikin da aka ƙiyasta zai ci kusan dala miliyan 40. Babu tashar nukiliya a unguwar, ba a taɓa samun fashewar wani abu ba, kuma tururin da ke wurin na ƙaramin mataki ne, wanda ba ya kwantar da mutum nan take. To me ya sa za a kashe wannan maƙudan kuɗi a kan ɗan ƙaramin fili? Amsar wannan tambaya tana bayyana yadda ake tunkarar irin wannan gurɓacewa a ko'ina cikin duniya.

Asalin matsalar

Daga shekarun 1920 zuwa 1954 wani kamfani mai suna Wolff-Alport ya yi aiki a filin. Sana'arsa ita ce shigo da wani yashi mai nauyi da ake kira monazayit daga ƙasashen waje, ya narka shi da ruwan asid, ya tace wasu ma'adanai masu wuyar samu da masana'antu ke buƙata. A wancan zamani ana amfani da irin waɗannan ma'adanai wajen yin ƙanƙarar laita da goge gilashi. Jirgin ƙasa ne ke kawo yashin har bayan masana'antar.

Matsalar ita ce yashin monazayit yana ɗauke da toriyam, kimanin kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari. Kamfanin ba shi da buƙatar toriyam ɗin, don haka ya ɗauke shi a matsayin shara. Ya riƙa tuttular da ruwan dagwalon a magudanar ruwan birni, wani kuma ya jiƙe cikin ƙasar filin. Haka aka ci gaba har 1947, lokacin da sabuwar Hukumar Makamashin Nukiliya ta Amurka ta ba da umarnin a daina, domin gwamnati ta fara kallon toriyam a matsayin abin da zai iya amfani a harkar nukiliya. Daga nan kamfanin ya koma tara dagwalon yana sayar wa hukumar, har ya rufe a 1954.

Bayan rufewar, an rarraba gine-ginen, masu haya suka shigo, wasu suka fita, wasu suka maye gurbinsu. Tarihin wurin ya ɓace daga bakin jama'a, amma abin da aka zubar yana nan inda aka bar shi.

Me ake nufi da ƙaramin mataki?

Kalmar tururi da ake amfani da ita a nan aro ce kawai. Tururin nukiliya ba a ganin sa, ba shi da wari, ba a jin zafinsa a jiki. Wani ƙarfi ne da ke fita daga cikin ƙwayoyin wasu sinadarai yayin da suke rikiɗewa sannu a hankali zuwa wasu sinadaran. Na'ura ce kaɗai ke iya gano shi.

Ana auna yawan abin da jikin mutum ya sha da wani ma'auni mai suna milisibat. Kowane ɗan Adam yana shan wani abu daga cikinsa a kullum, daga duwatsu da ƙasa da iska da abinci da kuma sararin samaniya. Matsakaicin abin da mutum ke samu ta wannan hanya a duniya ya kai kimanin milisibat 2.4 a shekara. Hoton ƙirji guda da ake ɗauka a asibiti bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milisibat guda ba. Ƙa'idar da hukumomin duniya suka amince da ita ita ce kada wata sana'a ko masana'anta ta ƙara wa ɗan gari fiye da milisibat 1 a shekara a kan abin da yake samu daga halitta. Ma'aikatan da sana'arsu ta shafi nukiliya kuwa, waɗanda ake sa ido a kan lafiyarsu, an ba su har milisibat 20 a shekara.

Kafin tururi ya sa mutum amai da zubewar gashi da ƙonewar fata, sai ya sha kusan milisibat 1,000 a cikin ɗan gajeren lokaci. Abin da ke Ridgewood ya yi nesa ƙwarai da wannan adadi. Haɗarin ƙaramin mataki na wani nau'i ne daban: duk ɗan abin da jiki ya sha yana iya taɓa ƙwayoyin halittarsa, kuma idan ya taru shekara da shekaru yana ɗan ƙara yiwuwar kamuwa da cutar daji. Wanda ya ratsa ta titin sau ɗaya babu abin da zai dame shi. Bakaniken da ke kwanciya a ƙasan mota awa takwas ko goma a rana, kwana shida a mako, na tsawon shekara ashirin, lissafinsa daban ne. Hausawa na cewa yau da gobe kan sa allura ginin rijiya.

Wani abin lura shi ne, ƙa'idar kanta tana sauyawa yayin da ilimi ke ƙaruwa. An auna wurin a 1988, aka tabbatar akwai tururi, amma bai zarce iyakar da doka ta amince da ita a lokacin ba. A farkon shekarun 1990 Amurka ta rage iyakar da aka yarda ɗan gari ya sha daga milisibat 5 zuwa 1 a shekara. Filin da aka wanke jiya sai ya koma abin tuhuma, alhali babu ko cokali guda na toriyam da ya ƙaru a cikinsa. Sabbin gwaje-gwajen da aka yi daga 2007 zuwa gaba su suka sa hukumar lafiya ta tarayya mai kula da sinadarai masu guba ta yi gargaɗi a 2012 cewa masu aiki a wurin, da masu yawan zirga-zirga a gefen titin, na iya fuskantar ƙarin haɗari idan aka daɗe a haka.

Hanyoyi uku da cutarwa ke bi

Masu aikin tsaftacewa kan fara da tambayar ta wace hanya abin zai kai ga jikin mutum, domin kowace hanya da maganinta.

Ta farko ita ce tururin da ke ratsowa daga ƙasa kai tsaye. Toriyam yakan rikiɗe zuwa jerin wasu sinadarai, ɗaya bayan ɗaya, har ya ƙare a matsayin dalma. Wasu daga cikin waɗannan 'ya'ya nasa suna fitar da nau'in tururi mai suna gama, wanda ke ratsa katako da bulo da jikin mutum. Ba ya raguwa sosai sai an tare shi da dalma ko ƙarfe mai kauri ko kankare.

Ta biyu ita ce ƙura. Toriyam ɗin kansa yana fitar da nau'in da ake kira alfa, wanda ko takarda guda ko fatar jiki tana tare shi. Muddin yana waje, ba shi da wani ƙarfi. Amma idan aka shaƙi ƙurarsa ko aka haɗiye ta da abinci, sai ya zauna a huhu ko a ƙashi, inda babu wata fata da za ta tare shi. Shi ya sa haƙa rami a irin wannan fili, ko fasa daɓe domin gyaran famfo, ya fi tafiya a kansa haɗari.

Ta uku ita ce iska. A cikin jerin rikiɗewar akwai wata iskar gas mai suna radon, wadda ke sulalowa ta tsagar daɓe ta taru a ɗakin da ba ya samun iska sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce radon na cikin manyan abubuwan da ke haddasa sankarar huhu bayan shan taba.

Akwai kuma wani bambanci da ya kamata a fahimta, domin rashin fahimtarsa kan jawo tsangwama. Mutumin da tururin gama ya ratsa ba ya komawa mai fitar da tururi, kamar yadda wanda aka ɗauki hoton ƙirjinsa ba ya zama haɗari ga iyalinsa. Abin da ake iya ɗauka a kai gida shi ne ƙurar da ta manne a takalmi ko a tufafi, ita kuwa wanki da wanka suna fitar da ita.

Mataki na farko: aunawa

Ba a fara haƙa sai an san iyakar ɓarnar. Masana kan fara da tarihi: tsofaffin taswirori, takardun mallaka, da bayanan inda tukwanen narka yashi suke, da inda jirgin ƙasa ke sauke kaya, da inda bututun dagwalo ya bi. Wannan ne ke nuna musu inda za su fi mayar da hankali.

Daga nan sai a raba filin gida-gida kamar allon dara, ma'aikata su bi kowane gida a hankali da na'urar gano tururi a kusa da ƙasa, ana rubuta abin da ta nuna a kowane taku. Ana yin irin wannan awo a wani wuri mai tsabta a cikin unguwar, domin a san abin da halitta ta ajiye tun asali, a cire shi daga lissafi. In ba haka ba, za a ɗora wa kamfani laifin duwatsun da Allah ya halitta.

Na'urar sama ba ta faɗin zurfin abin. Saboda haka ana huda ƙasa a wurare da dama, a ciro samfuri daga zurfi daban-daban, a kai ɗakin gwaji domin a san wane sinadari ne kuma nawa ne a cikin kowane kilo na ƙasa. Ana ajiye na'urorin auna radon a ɗakuna na kwanaki ko watanni. Ana gwada ruwan ƙarƙashin ƙasa. A Ridgewood sai da aka shiga magudanar ruwa ana auna bangonta da laka da ta kwanta a ciki, aka kuma gwada wata makarantar gwamnati da gidan renon yara da ke kusa, domin iyaye su samu natsuwa bisa hujja.

Sakamakon duk wannan shi ne taswira mai nuna inda gurɓacewar take, faɗinta da zurfinta. A kanta ake gina duk wata shawara da duk wani lissafin kuɗi.

Mataki na biyu: kariyar wucin gadi

Binciken irin wannan wuri da neman kuɗin aikinsa kan ɗauki shekaru, mutane kuma suna ci gaba da zuwa aiki kowace safiya. Don haka a tsakanin 2012 da 2013 EPA ta shimfiɗa faranta na dalma da ƙarfe da kankare a kan daɓen wasu shagunan da kuma wani ɓangare na gefen titin. Ta sanya na'urar zuƙe radon daga ƙarƙashin gini tana fitar da shi sama, ta rufe tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da duwatsu da ƙasa mai tsabta, ta kewaye ta da shinge. Awon da aka yi bayan haka ya nuna tururin da ke kai wa ga mutane ya ragu sosai.

Dabarun kare kai daga tururi guda uku ne a ko'ina: rage lokacin da ake ɗauka kusa da shi, ƙara tazara, da sanya shamaki a tsakani. Abin da aka yi a wannan mataki shi ne na ukun. Ya sayi lokaci, ya bar mutane suna neman abincinsu. A watan Mayun 2014 aka sanya filin a jerin wuraren da suka fi buƙatar tsaftacewa a ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya da ake kira Superfund. A lokacin, shi ne wuri na uku a birnin New York da ke cikin jerin, bayan mashigin ruwa na Gowanus da rafin Newtown.

Me ya hana a tsaya a nan?

Tambayar da masu shagunan suka fi yi ita ce, tunda shamakin ya yi aiki, me ya sa ba za a bar su ba? Amsar tana cikin wani abu da masana ke kira wa'adin raguwa da rabi, wato tsawon lokacin da sinadari ke ɗauka kafin ƙarfin tururinsa ya ragu da rabi. Kowane sinadari da nasa wa'adin, kuma babu wuta ko ruwa ko magani da ke iya gaggauta shi.

Wani misali daga Ingila zai nuna muhimmancin wannan. A watan Nuwamban 2006 aka kashe tsohon jami'in leƙen asirin Rasha, Alexander Litvinenko, a birnin Landan da wani sinadari mai suna poloniyam 210. An samu burbushinsa a wani otal, da gidan abinci, da ofisoshi, da jiragen sama. Wa'adin poloniyam kwana 138 ne kacal. Bayan shekara huɗu abin da zai rage bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Saboda haka a can an cire kayan da suka fi gurɓata, an goge abin da ke goguwa, an shafe wasu wuraren da fenti domin burbushin ya manne, sauran aikin kuma lokaci ya yi shi.

Wa'adin toriyam 232 kuwa kimanin shekara biliyan 14 ne. A ma'aunin rayuwar ɗan Adam, ba ya raguwa. Kankare yana tsagewa, ƙarfe yana tsatsa, fili yana sauya hannu, takardu suna ɓacewa. Wata rana ma'aikatan ruwa ko na lantarki za su zo su fasa titin, ko wani ya sayi filin ya haƙa harsashin bene. Shamaki yana aiki ne muddin akwai wanda ya tuna dalilin sanya shi, kuma tarihin wannan fili kansa ya nuna cewa shekara talatin sun isa a manta.

Dokar Amurka ta tanadi ma'aunin da ake bi. Ana son ƙarin haɗarin kamuwa da cutar daji da wuri zai jawo wa mutum a tsawon rayuwarsa ya kasance tsakanin ɗaya cikin 10,000 da ɗaya cikin miliyan. Da aka auna zaɓuɓɓukan da ke ƙasa, daga barin abin yadda yake, zuwa haƙe sama-sama a rufe sauran, zuwa kwashe komai, hukumar ta zaɓi na ƙarshe a watan Satumban 2017. Gurɓatacciyar ƙasar tana ƙarƙashin gine-ginen ne, babu yadda za a kai gare ta sai an kawar da su.

Mataki na uku: kwashewa

Shirin ya ƙunshi haƙe ƙasa sama da kubik yadi 24,000, wato kimanin kubik mita 18,000. Idan tifa guda tana ɗaukar kubik mita 10, ana maganar sawu fiye da 1,800 ke nan daga tsakiyar unguwa mai cike da jama'a. Ya kuma ƙunshi wanke magudanar ruwa da ruwa mai ƙarfi, da cire ɓangaren bututun da ba zai wanku ba.

Lokacin rushewa da haƙa shi ne lokacin da haɗari ya fi yawa, domin abin da ke binne yana fitowa fili. Saboda haka irin wannan aiki yana da tsarin da ake bi a duk inda ake yin sa. Ana kewaye wurin, a raba shi shiyya uku: inda ake haƙa, inda ake wanke mutane da kayan aiki, da inda yake da tsabta. Ma'aikata suna sanya rigar kariya da takunkumin numfashi, kowa kuma yana maƙale da ɗan ƙaramin ma'auni da ke tara lissafin abin da jikinsa ya sha. Ana yayyafa ruwa ba ƙaƙƙautawa domin kada ƙura ta tashi, ruwan ma ana tara shi a gwada kafin a sake shi. A jikin shinge ana kafa na'urorin auna iska, idan suka nuna ƙura ta wuce iyaka a dakatar da aiki. Kowace mota ana lulluɓe ta, a wanke tayoyinta, a bi ta da na'ura kafin ta hau titi.

Ana rarrabe abin da aka haƙo, domin kuɗin zubar da gurɓatacciyar ƙasa ya ninka na baraguzan gini sau da yawa. Abin da awo ya nuna yana da tsabta sai ya tafi bola ta yau da kullum. Sauran ana kai shi wuraren da gwamnati ta ba lasisi na musamman, galibi a yankuna masu ƙarancin ruwan sama da ƙarancin jama'a, kamar wanda ke Clive a jihar Utah. A can ake binne shi a ramuka da aka shimfiɗe da yumɓu, a rufe, a ci gaba da sa ido a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa.

A nan ne ma'anar kalmar tsaftacewa ke fitowa. Babu wanda ke lalata toriyam. Abin da ake yi shi ne ɗauke shi daga inda mutane ke aiki da kwana, a kai shi inda aka san da zamansa, ake kuma gadinsa.

Mataki na ƙarshe: tabbatarwa

Kafin a cike ramin, ana sake bin ƙasansa da gefunansa da na'ura, a sake ɗaukar samfura a wuraren da aka zaɓa bisa lissafi, domin kada mai kwangila ya zaɓi inda ya san yana da tsabta. Idan wani gefe bai kai ma'aunin da aka gindaya ba, a ƙara haƙa. Hukumar da ke sa ido takan yi nata awon daban. Sai an tsallake wannan ne ake zuba sabuwar ƙasa, wadda ita ma aka gwada ta. Idan akwai abin da ya rage a wurin da ba a iya kaiwa, kamar ƙarƙashin babban bututu, ana rubuta shi a takardun filin tare da sharaɗin cewa babu mai haƙa sai da izini, a kuma riƙa waiwayar wurin duk bayan shekara biyar.

Wa zai biya?

Dokar da ta kafa shirin Superfund a 1980 ta ginu ne a kan cewa wanda ya gurɓata shi zai biya. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Amma kamfanin Wolff-Alport ya daina aiki shekara 26 kafin a yi dokar. A irin wannan hali nauyin yakan faɗa kan baitulmali, da kuma masu mallakar filin na yanzu, domin dokar tana iya kama mai fili ko da ba shi ya zubar da sharar ba. A 2023 hukumomin birnin New York suka amince za su biya gwamnatin tarayya dala miliyan 1.6 na kuɗin da ta riga ta kashe, su kuma ɗauki nauyin tsaftace ɓangaren da yake mallakarsu, kamar gefen titi da magudanar ruwa.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga wannan lissafi. Doka ta tanadi a biya masu haya kuɗin kwashe kaya da wani tallafin sake kafuwa. Sai dai mai gareji ya san cewa jarinsa na gaskiya shi ne abokan cinikin da suka san ƙofarsa, kuma samun wani wuri mai irin wannan haya a New York ba ƙaramin aiki ba ne. Wannan na cikin dalilan da suka sa tashin masu sana'ar ya ɗauki shekaru bayan yanke shawarar. Mutanen da ba a haife su ba lokacin da aka tuttular da dagwalon su ne suka rasa wurin sana'arsu.

Saboda haka ne a ƙasashe da dama mai sayen filin kasuwanci, da bankin da zai ba shi rance, ba sa sa hannu sai an binciki tarihin filin an ga irin sana'o'in da aka taɓa yi a kansa. Kuɗin wannan bincike ƙalilan ne idan aka kwatanta da na haƙe fili.

Abin da ya shafi Najeriya

Yashin da ya jawo wannan matsala ba baƙo ba ne a Najeriya. Monazayit na cikin ma'adanan da ke fitowa tare da kuza a tsaunukan Jos, inda aka shafe fiye da shekara ɗari ana haƙa. Idan aka tace kuza, monazayit da makamantansa sukan taru a cikin yashin da ya rage, kuma masu bincike daga jami'o'in ƙasar nan sun sha auna tururi fiye da na sauran wurare a wasu wuraren sarrafa kuza a Jos da kewayenta. Haka kuma a harkar man fetur, dattin da ke manne wa cikin bututu da tankuna yakan tara sinadarai masu tururi, kuma tsofaffin bututun sukan ƙare a hannun masu sayen ƙarafa.

Hukumar da doka ta ɗora wa alhakin wannan fanni ita ce Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, NNRA, wadda dokar 1995 ta tanada, ta kuma fara aiki a 2001. Ita ce ke ba da lasisin mallaka da safarar kayan da ke fitar da tururi, kuma ita ce ya kamata a tuntuɓa idan ana zargin wani wuri.

Ga ɗan kasuwa, darasin a bayyane yake. Kafin a sayi ko a karɓi hayar tsohuwar masana'anta ko filin da aka taɓa sarrafa ma'adanai, a tambayi abin da aka yi a wurin, idan akwai dalili a nemi a auna. Kada a ɗebi ragowar yashin sarrafa kuza a buga bulo ko a yi daɓe da shi ba tare da gwaji ba, domin yin haka shigar da matsalar cikin ɗaki ne. Idan awo ya nuna akwai wani abu, a guji haƙa da share ƙura da fasa daɓe, a bar iska ta riƙa ratsa ɗakin, a kuma sanar da hukuma. Kwashe ƙasar a ɓoye a zubar a bayan gari yana mayar da matsalar mutum guda ta zama ta unguwa.

Ga hukumomi kuwa, aiki mafi arha shi ne ajiye bayanai: rajistar wuraren da ake sarrafa irin waɗannan ma'adanai, da inda ake zubar da ragowarsu, da sharaɗin cewa kamfani ya ware kuɗin gyaran wuri tun yana samun riba. A Ridgewood an daina zubar da toriyam a 1947, an yanke shawarar kwashe shi a 2017. Tsakanin ranakun biyu shekara 70 ne, kuma kamfanin da ya zubar bai biya ko sisi ba.